Ƙamshi Ne Ko Giya? Fashin Baƙi Kan Sobolo, Tsimi da Bitas

Shin hanci zai iya gaya wa mutum cewa abin sha ya zama giya? Wannan tambaya ce ta raba kan mutane a wani gidan suna da na je a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma ita ce dai take dawowa a saƙonnin WhatsApp na 'yan zangon Kumasi duk lokacin da zafi ya tsananta, wutar lantarki kuma ta shiga wasan ɓuya. An buɗe gorar sobolo, wato zobo, ta yi fiss, wani ƙamshi kamar na ayabar da ta nuna luguf ya tashi. Wata dattijuwa ta sunsuna ta ce, "Hajiya, wannan ya juya, kada a ba mutane." Mai sobolon ta yi ta rantsuwa cewa jiya da dare ta dafa shi da hannunta. Ba wanda ya saurare ta, aka tuntsurar da kula guda a kwata.

Da na fito bakin titi sai ga wani yaro direban pragiya, keken haya mai ƙafa uku, yana kurɓar 'yar kwalbar bitas, jiƙon sassaƙen nan na kanti, a inuwa. Wani dattijo ya yi masa magana, yaron ya ce, "Baba, maganin ciwon baya ne fa. Sunsuna ka ji, sassaƙe ne zalla." Dattijon ya sunsuna, ya ji kanumfari da citta, ya gyaɗa kai ya wuce.

A cikin gida an zubar da abin da mai yiwuwa barasar cikinsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A waje an wanke abin da wajen kashi 40 cikin 100 nasa barasa ce. Alƙalin duka shari'o'in biyu ɗaya ne, hanci.

Me hanci yake kamawa?

Ƙamshi wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari ne marasa nauyi da suke tashi daga jikin abu su bi iska. A can saman kogon hancin mutum akwai masu karɓar saƙonsu wajen iri 400. Linda Buck da Richard Axel, 'yan Amurka, su suka gano tsarin nan a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Harshe kuwa abin da ya sani kaɗan ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai ɗanɗanon nan na romon nama da daddawa. Mafi yawan abin da muke kira daɗin abin sha ƙamshi ne da yake hawa hanci ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura yake jin komai salam. Da Bahaushe ya ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kimiyya ya faɗa, domin gishiri ba ya tashi a iska. Haka sukari, haka ɗacin maɗaci.

Etanol, wato sinadarin da yake bugarwa a cikin kowace irin giya, yana tashi a iska kuma yana da ƙamshinsa, amma muryarsa ƙasa-ƙasa ce. Kafin hanci ya ji shi a cikin ruwa sai yawansa ya ninka na sinadarin ƙamshin ayaba sau dubbai. Kamar dai kasuwar Kejetia ce: mai lasifika ake ji daga nesa, ko da tire ɗaya ne jarinsa, mai babban shago kuwa yana zaune shiru.

Yis, mai sana'a biyu

Yis wata halitta ce mai rai da ido ba ya gani, ita ce dai wadda masu burodi da bofrot, wato fanke, suke saya a leda. Akwai kuma na daji, wanda yake zaune a ɓawon abarba, a jikin mangwaro, a tsohuwar gora da ba a wanke da kyau ba. Bafaranshe Louis Pasteur ne ya nuna tun wajen 1857 cewa juyawar abin sha aikin halittu masu rai ne. Idan yis ya sami sukari da ɗumi, sai ya ci, ya fitar da etanol da iskar kabon. Lissafin a takarda sananne ne: giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na etanol da giram 88 na iska.

Sana'arsa ta biyu ita ce ba a cika sani ba. Yis maturari ne. Yana cikin cin abincinsa yana ƙera wasu sinadarai da ake kira esta, waɗanda ake samu idan wani nau'in barasa ya haɗu da wani nau'in asid. Isoamil asitet shi ne mai ƙamshin ayaba. Etil butiret ya fi kama da abarba. Etil asitet idan kaɗan ne yana ƙara wa abin sha armashi, idan ya yi yawa sai ka ji kamar an buɗe kwalbar abin goge jan farce. Akwai kuma feniletanol mai ƙamshin furen wardi, wanda yis yake samarwa daga sinadaran gina jiki ta hanyar da Bajamushe Felix Ehrlich ya bayyana a farkon ƙarni na 20.

Ga inda rikicin gidan suna ya samo asali. Isoamil asitet ɗin da yis yake ƙerawa shi ne ayaba take ƙerawa da kanta idan ta nuna, kuma shi ne masana'anta suke ɗurawa a 'yar kwalbar fileba da ake sayarwa a unguwar Alabar. A nan ma ba kama da wane ba ce, wanen ne da kansa. Hanci ba shi da hanyar da zai tambayi ƙwayar ƙamshi daga ina ta fito. Sobolon da aka zuba wa fileba da yawa zai iya yin ƙamshin abin da ya juya alhali ko yis ɗaya bai motsa a cikinsa ba.

Masu yin giyar 'ya'yan itace, ta abarba ko mangwaro ko kashu, duk wahalarsu a kan waɗannan sinadarai take. Suna sanyaya randar, sau da yawa ƙasa da digiri 20, saboda zafi yana korar esta ya kuma sa yis ya yawaita wasu nau'o'in barasa masu kaurin ƙamshi. Akwai kuma wani sirri. Wani ɓangare na ƙamshin 'ya'yan itace a ɗaure yake da ƙwayar sukari, ba ya iya tashi, sai lokacin juyawa asid da sinadaran yis suke kwance shi. Shi ya sa ruwan 'ya'yan itacen da ya fara juyawa yakan fi sabonsa ƙamshin fure. Komai ƙoƙarin yis dai, galibi yakan gaza idan barasa ta kai wajen kashi 14 ko 15 cikin 100, domin abin da ya fitar shi yake kashe shi. Duk abin da ya zarce haka sosai, ko dai an dafa an tara turirinsa, ko an zuba masa barasa daga waje.

Bari in ɗan ratse, tunda a ƙasar koko muke. Manomin Asante idan ya fasa koko yakan tara 'ya'yan ya rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida. A kwanakin farko yis ne yake cin zaƙin farin naman nan yana fitar da etanol. Daga baya wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da etanol ɗin ruwan khal, tarin ya yi zafi har ya kusa digiri 50. Ba don wannan matakin ba da cakulan ba ta yi ƙamshin da muka sani ba. Kullun burodi ma haka yake, sai dai wutar gashi tana korar mafi yawan barasar. Kokon sha da fura da nono su kuma tsaminsu galibi na wasu bakteriya ne masu samar da asid irin na kindirmo. Juyawa iri-iri ce, ba kowacce ce take kai wa ga abin maye ba.

Lissafin fiss

To, ƙarar da gora take yi fa? Ita ce shaidar da ta fi ƙamshi ƙarfi, domin tana nuna lalle wani abu mai rai yana aiki a ciki. Amma a duba lissafi. Cokalin shayi ɗaya na sukari wajen giram 4 ne. Idan yis ya cinye wannan kaɗai a cikin lita ɗaya ta sobolo, iskar da zai fitar ta kai kusan lita guda, wadda ta isa ta sa gorar roba ta yi tauri ta yi ƙara. Barasar da aka samu a daidai wannan lokaci kuwa kusan rubu'in kashi 1 cikin 100 ce. Ruwan lemo da na tuffa da ake sayarwa a kwali ma an auna an tarar da burbushin etanol a cikinsu, ƙasa da giram 1 a lita, haka ayabar da ta nuna sosai.

Kada kuma a ɗauki wannan a matsayin wanke kowace gora. Masu harkar sun san cewa kimanin giram 17 na sukari a lita shi yake ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Sobolonmu kuwa ba a yi masa rowar sukari. Wanda aka zuba wa giram 100 a lita, idan aka bar shi kwanaki a ɗumi yis ya gama da shi, zai iya kusantar kashi 6, wato ya kamo giyar kwalba ko ya ɗara ta. Tsamin sobolo yana hana bakteriya da yawa sakewa, amma yis ba ya tsoron tsami. Tafasa tana kashe shi, sai dai mu muke mayar da shi da hannunmu: a sauke tukunya, ta huce, sannan a zuba ɗanyar abarba da ɗanyar citta, a ɗura a gorunan da aka tsinto. Bammi ya fi kowa saurin tafiya a wannan hanya. Ruwan da aka tara da asuba yana da zaƙi, kafin yamma ya zama abin bugarwa, washegari ya nufi tsami.

A ganina dattijuwar gidan suna ba ta yi kuskure ba da ta ce wani abu ya fara faruwa a gorar. Inda ta zarce shi ne kiran abin giya, da kuma kunyata mai sana'a a gaban jama'a. Sobolon kwana ɗaya da ya yi fiss ya fi kusa da abincin da ya fara lalacewa.

Me ya sa ake jiƙa sassaƙe a barasa?

Jiƙo da tsimi ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe. Mun san a jiƙa sassaƙen maɗaci a ruwa, mun san a haɗa saiwoyi da kayan yaji da zuma ko mazarƙwaila a rufe a tulu kwana da kwanaki. Wannan na biyun, a faɗi gaskiya, duk sharuɗɗan juyawa sun cika a cikinsa, ga zaƙi ga ɗumi ga lokaci, kuma ba kasafai ake tambayar sa ba saboda sunansa magani.

Masu bitas sun ɗauki wata hanya. Yawancin sinadaran ƙamshin tsirrai dangin mai ne, mai kuwa ba ya shiri da ruwa. Yujinol shi ne kaso mafi tsoka na man kanumfari, yakan haura kashi 70 cikin 100. Limonen yana ɓawon lemo, sitral yana ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, sinamaldehaid yana kirfa. Kimba, wadda Asantawa suke kira hwentia, da masoro da prekese kowanne da nasa tarin. Ruwa kaɗan yake iya ɗebowa daga cikinsu. Etanol kuwa ɗan gida biyu ne, yana shiga ruwa yana kuma narkar da mai, don haka yana tatso ƙamshi da ɗaci da launi gaba ɗaya, ya kuma hana abin ruɓewa. Wanda ya taɓa ganin abin sha mai man anis ya koma fari kamar madara da an zuba masa ruwa ya ga wannan da idonsa: barasar ta yi rauni, man ya fito ya watsu.

Dabarar tsohuwa ce, kuma tun asali da rigar magani ta fito. Angostura, wadda ta fi kowace bitas suna a duniya, wani likitan soja Bajamushe mai suna Johann Siegert ne ya haɗa ta a 1824 a ƙasar Benezuwela don ciwon ciki, kuma barasarta kashi 44.7 ce cikin 100. A nan Gana kamfanin Kasapreko, wanda aka kafa a Nungua a 1989, ya fito da Alomo Bitters a 1999, kasuwa ta buɗe har Najeriya, wasu kamfanoni da dama suka bi sahu. Kafin su ma masu shan akpeteshi, barasar da ake dafawa a gida, sun daɗe suna cusa saiwoyi a kwalba.

Masu wannan sana'a ba ƙarya suke yi ba idan suka ce akwai tsirrai na gaske a ciki. Abin da mai saye yake mantawa shi ne ma'auni. Kwalbar mililita 200 mai kashi 40 tana ɗauke da mililita 80 na tsantsar etanol. Babbar kwalbar giya ta mililita 625 mai kashi 5 tana da wajen 31. Ke nan yaron pragiya, idan ya shanye 'yar kwalbarsa, ya sha kwatankwacin manyan kwalabe biyu da rabi, sannan ya ɗauki fasinja zuwa Asawase. Hancin dattijo bai ji wannan ba saboda yujinol da 'yan'uwansa su ne masu lasifika.

Zafin da ake ce wa "magani na aiki"

Akwai wani ji na uku bayan ƙamshi da ɗanɗano. Jinjarol na citta, piperin na masoro, da sinadarin barkono, duk suna taɓa wata ƙofa a jijiyoyi wadda asalin aikinta jin zafin wuta ne. David Julius na cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2021 saboda gano ta. Etanol yana sa wannan ƙofa ta buɗe da wuri, har ɗumin jikin mutum kansa ya ishe ta. Idan aka haɗa citta da barasa mai ƙarfi sai zafi ya ratsa ƙirji, kanumfari ya ɗan kashe baki kamar yadda yake yi wa mai ciwon haƙori, barasa ta dusashe ciwon baya na 'yan awanni. Mai sha ya ce magani ya kama. Gobe ciwon ya dawo, ya sake saye.

Wani haɗarin kuma shi ne, a ƙasashe da dama hukumomi sun sha kama kayan "ƙarin kuzari" na ganye da aka ɓoye wa sinadarin sildenafil a ciki. Ga mai shan wasu magungunan zuciya wannan zai iya faɗar da jininsa warwas, kuma ba a gane shi da sunsune.

Metanol, wanda ya fi kowa iya sajewa

Bangon ƙwayoyin 'ya'yan itace yana da wani sinadari mai danƙo da ake kira pektin. Yayin juyawa pektin yana sakin metanol, shi ya sa giyar 'ya'yan itace takan ɗauki ɗan kaɗan daga cikinsa. A wannan mataki yawansa bai cika zama barazana ba. Matsalar tana girma ne idan aka dafa aka tara turiri ba tare da awo ba, mafi muni kuma idan wani marar imani ya ƙara barasar masana'antu don riba. Metanol yana tafasa a kusan digiri 65, etanol a 78, amma rabuwarsu a tukunyar gida ba ta zuwa tsaf kamar yadda alƙaluman suke nunawa. Jiki yana mayar da metanol wani asid mai lalata jijiyar ido. Mililita 10 na tsantsarsa za su iya makantarwa, 30 za su iya kisa, alamun kuma sukan yi jinkirin awanni. Ƙamshinsa da na etanol kusan ɗaya ne, balle an lulluɓe shi da kimba.

Akpeteshi ta yaɗu ne a shekarun 1930 bayan Turawan mulki sun takura shigo da barasar jin, ana dafa ta a ɓoye har zuwa 1962 da aka halatta ta a dokar ƙasa. Har yau da yawa daga bitas ɗin da ake haɗawa a lungu, marar takarda marar lamba, a kanta ake jiƙa shi.

Malamai, hukuma da masu sana'a

Hukunci na malamai ne, ni ban isa ba. Amma abin lura ne cewa nassin da suke kafa hujja da shi bai rataya a kan ƙamshi ba. Hadisi ya ce abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a shayar da shi ko a zubar. Wato an lura da kwanaki. A can ne kuma aka ruwaito amsar da ya ba wanda ya ce yana yin giya ne don magani, cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Majalisun fatawa na zamani sun koma ga awo: ta Indunusiya a 2018 ta sa iyakar ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 ga abin shan da ya juya, wanda kuma shi ne ma'aunin da ƙasashe da dama suke bi kafin su yarda a rubuta cewa abu ba shi da barasa.

Hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, tana kallon bitas mai barasa a matsayin giya, tana kuma buƙatar a rubuta yawan barasar a jikin kwalba. Tun 2015 ta hana fitattun mutane tallan giya. Masu harkar nishaɗi suka ce an toshe musu hanyar abinci, aka je Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2024 alƙalai 5 suka goyi bayan hukumar, 2 suka saɓa. Kamfanoni suna nuna ayyukan yi da kuɗin da ake samu daga fitar da kaya waje. Masu binciken noma su ma suna da tasu hujja: a yankin Wenchi da Techiman ƙwallon kashu ake cirewa, naman ɗan itacen mafi yawansa a gona yake ruɓewa, alhali a Goa ta Indiya daga shi ake yin barasar feni. Ga manomi Musulmi ƙofar ba ta rufe ba, domin naman nan yana yin ruwan sha na kwalba idan an rage masa bauri.

Wadda ba ta da mai kare ta a wannan muhawara ita ce mai sobolo da lamurje da burkina (haɗin gero da nono) ta bakin masallaci, wadda saƙon murya ɗaya zai iya kashe wa kasuwa. Abin da yake hannunta shi ne ta tafasa abarbar da cittar tare da sobolon maimakon zuba su ɗanye, ta wanke gora da kyau ta ɗauraye da ruwan zafi, ta dafa daidai abin da zai ƙare a kwana ɗaya ko biyu, ta kuma sa a sanyi da zarar ya huce, tunda yis kusan barci yake yi a digiri 4. Ranar da wuta ta kwana ba ta dawo ba, ta matsa gorar da yatsa kafin ta fita da ita. Idan ta yi tauri, a ajiye ta gefe.

Mai sayen bitas shi nasa ya fi sauƙi, domin an rubuta masa. A jikin kwalba, sau da yawa da ƙananan haruffa kusa da lambar rajistar FDA, akwai wani adadi da alamar kashi cikin ɗari a gefensa. Na karɓi kwalbar yaron pragiya na nuna masa nasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka yawan ganyen ne."